Waiwaye: Yadda Haɗeja ta koma "HaÉ—eja" a cikin kwamfuta

A shekarar 1991 aka ƙirƙiro jihar Jigawa, Dutse ta zama babban birninta. A wannan shekarar ce kuma aka fitar da kundin farko na Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa ta kansa, har da namu masu ƙugiya: ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Sa'annin juna ne, amma sun daɗe ba su san juna ba.

Kafin nan, tsarin ASCII na 1963 ne ke mulki, mai gurbi 128 kacal, kuma don Turanci aka yi shi. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya share wa marubuta hawaye da ya samar da haruffan Hausa na kwamfuta masu suna Rabi'at da Abdalla. Dabarar wancan zamani ita ce aron gurbi: a ɗora ƙ a kan }, a ɗora ɗ a kan ], a ɗora ɓ a kan ~. Takarda takan fito tsaf daga shagon buga takardu, amma da zarar fayil ɗin ya je kwamfutar da ba ta da waɗannan haruffa, sai ka ga "}asa" da "ha]in kai". Ga mai rubuta manhaja abin ya fi muni, domin } da ] su ne ke rufe umarni, kuma a ɓoye cikin sunan mutum sukan rikita mai neman kuskure.

Da gwamnatin Saminu Turaki ta buɗe cibiyar koyar da kwamfuta a Kazaure, daga baya kuma Jami'ar Tarayya ta Dutse ta zo a 2011, matasa da dama suka shiga rubuta manhaja. Aikin kammala karatu bai wuce rumbun sunayen ɗalibai ko na marasa lafiya ba, da PHP da MySQL. A nan ne sunaye irin su Ɗahiru da Haɗeja suka sha wuya. Mafita mafi sauƙi ita ce a cire ƙugiyar, kuma ita aka bi. Ni a ganina ba gyara aka yi ba, an dai tura shara ƙarƙashin tabarma.

Alhali ɓarnar tana faɗin asalinta ga wanda ya iya karanta ta. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, ɗ bayit biyu ne: C9 da 97. Idan manhaja ta ɗauka tsohon tsarin Windows-1252 ne, sai ta karanta kowanne daban, ta ba ka É da dogon karan ɗori. Haka ƙ, wato C6 da 99, ke zama Æ™. Wanda ya ga wannan ya kwantar da hankalinsa, rubutun na nan lafiya, mai karatun ne ya kauce. Idan akwatin da babu komai ne ya fito, kwamfutar ce ba ta da zanen harafin. Amma idan alamar tambaya ce ta zauna a gurbin harafi, kuma a haka aka adana, to harafin ya tafi, sai dai a koma tsohon kwafi ko takardar asali. Shi ya sa nake cewa a fara duba bayit ɗin fayil kafin a taɓa komai, domin gyara da ka yakan mayar da nau'in farko ya zama na ƙarshe.

Akwai kuma wanda ido ba ya gani. Tsohon Notepad yakan saka bayit uku, EF BB BF, a farkon fayil, sai shafin PHP ya ƙi tura mutum inda ya kamata, ɗalibi ya kwana yana neman kuskure a layin da ba shi da laifi. A 2021 masu bincike biyu a Jami'ar Kambirij, Nicholas Boucher da Ross Anderson, sun nuna cewa alamomin ɓoye da ke juya rubutu daga dama zuwa hagu za su iya sa mutum ya karanta wani abu, kwamfuta ta aiwatar da wani. Mu da ke cakuɗa Ajami da Boko, wannan ya shafe mu kai tsaye.

Yau uzuri ya ƙare. Python 3 tana ɗaukar UTF-8 tun 2008, MySQL ta bi sahu a sigarta ta 8 a 2018, wayoyinmu ma suna da ƙugiya. Malaman da ke duba ayyukan ɗalibai a Dutse, don Allah kafin ku sa hannu, ku ce ɗalibi ya shigar da Ɗahiru daga Haɗeja, ya adana, ya nemo shi, ya buga a takarda a gabanku.