Ba a Sayar da Tuba a Kwalba

Jin nisa da Allah abu ne da Kirista da yawa kan yi fama da shi. Addu'a ta yi nauyi, karatun Littafi Mai Tsarki ya zama aikin dole, mutum yana zaune a sujada amma zuciyarsa tana kasuwa. Ba kullum zunubi ke jawo hakan ba, ga Ayuba nan shaida. Amma sau da yawa dalilin shi ne wanda Ishaya ya nuna a sura 59: laifin mutum ne ke shiga tsakaninsa da Ubangiji. Maganin kuwa tun a makarantar Lahadi ake koyar da shi: a furta zunubi, a rabu da shi, a gyara ɓarnar da aka yi.

Abin takaici, wasu masu wa'azi sun mai da wannan damuwa jarin kasuwanci. Mai neman shawara ya zo da nauyin zuciya, ba a tambaye shi wa ya cuta ba, sai a ce masa mayun ƙauyensu ne suka ɗaure shi, ko wata gwaggo ce ta tare masa hanya. Daga nan a fito da kwalbar man zaitun da ruwan addu'a, kowanne da kuɗinsa, a umarce shi ya “shuka iri”, wato ya ba da kuɗi. Wanda ya danne albashin ma'aikatansa, da wanda ya cinye gonar gwauruwa, duk sun shafa mai sun koma gida, laifin ya faɗa kan tsohuwar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Gidaje nawa wannan zargi ya raba? 

Cinikin nan tsoho ne. A Samariya, Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya tsawata masa ya ce ya tuba. A 1517 Martin Luther ya fito da batutuwansa 95 a Wittenberg ta Jamus saboda sayar da takardun sassauta hukuncin zunubi, na farkonsu kuwa kan tuba ne.

Tuba ta gaskiya kuwa daban ce. Da annabi Natan ya tunkari sarki Dawuda kan Batsheba da kisan Uriya, sarkin bai nemi wanda zai ɗora wa laifi ba, ya amsa nasa ne. Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa da mayar wa wanda ya zalunta ninki huɗu. A Matiyu sura 5 ma, Yesu ya umarci mai baiko ya ajiye shi a gaban bagade, ya je ya shirya da ɗan'uwansa tukuna. Wannan sashen ne masu kwalba ba sa son karantawa, domin kuɗin da aka mayar wa mai haƙƙi ba ya biyowa ta aljihunsu.