Tukunyar da aka kife: giyar gargajiya da tarihin Adar

A shekarar 2016 hukumar UNESCO ta sanya al'adar giya ta ƙasar Beljiyam cikin jerin gadon ɗan Adam. A Turai da Amurka akwai mutanen da suka maida ɗanɗanon giya ilimi: su jera kofuna, su duba launi, su shinshina, su kurɓa, su rubuta. Yanzu sun waigo wajen hatsin Afirka, har wani kamfani na birnin New York, Brooklyn Brewery, ya dafa giya da acca. A Tawa kuwa, malamin lakkol da zai tambayi tsoho yadda Azna suke dafa giyar gero sai ya fara waige-waige, kada a ji a ce ya fita hanya. Wannan tsoro ya kai a tuhume shi, domin tarihin Adar yake ci.

Babu gardama kan hukunci. Aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta haramta giya, kuma jama'ar Adar Musulmi ne masu riƙo. Abin da ake jayayya a kansa shi ne ko haramcin sha ya zama haramcin sani. Masu cewa haka sun manta da zaurukan da suka yi karatu. Malaman ƙasar Hausa sun daɗe suna karantar da waƙoƙin Larabawa na zamanin jahiliyya, waɗanda ambaton giya ya cika su, don a koyi lugga, kuma ba a ji almajirin da ya zama mashayi saboda su ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya jera al'adun sarakunan Haɓe a Kitabul Farƙ don ya yi suka a kansu, kuma da wannan jeri ne masana tarihi suke gane zamanin. Wanda ya yi yaƙi da al'ada ya rubuta ta. Ina dalilin da zai sa jikokinsa su yi kamar ba a taɓa yin ta ba?

Ga abin da ake neman binnewa. Giyar gargajiya sana'ar mata ce, kuma aikin kwanaki ce. A jiƙa dawa ko gero, a shimfiɗa a rufe har ya yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dama, a dafa a manyan tukwane, a bari ya yi tsami, a sake dafawa, a tace, sannan a zuba masa ragowar tsohuwar giya ya tashi. Tsiron ne ke juya garin hatsi ya koma zaƙi, zaƙin kuma shi ke komawa barasa. Daga nan iri-iri suke rabuwa. Burkutu tana da kauri da duhu da tsami. Fito ya fi ta tacewa da sauƙi a baki. Dolo na Burkina Faso da jar dawa ake yin sa, da ɗanyensa yana da zaƙi, in ya kwana tsami ya rinjaya. Cukutu na Benin da Togo da bilibili na Cadi da Kamaru duk dangi ɗaya ne. Ba ɗaya cikinsu da ke da ɗacin giyar kwalba, domin ba a sa musu furen nan na Turai da ake kira hublon, shi ya sa ba sa jure ajiya. Wannan ilimin hatsi ne da na sarrafa abinci. Matar da ke sa tsiro a kunun zaƙi da rabin ilimin nan take aiki, kuma ba wanda ya taɓa zargin ta. Lokacin da Nijeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, manyan masana'antu dawa suka koma wa, wato abin da matan karkara suka sani tun kaka da kakanni.

A wurin Azna da Maguzawa giya tana tafe da gayya, da biki, da yanka ga iskoki. Mai gona ya tara majiya ƙarfi, ya biya su da tuwo da giya. Wanda ya cire ta daga labari ba zai gane yadda ake tara hannu a yi noma ba, ko yadda mace take samun dukiyar kanta, ko irin nauyin abin da mutane suka bari ranar da suka karɓi Musulunci. Musuluntar Adar kanta ƙasƙantar da ita ake yi in aka ce ba ta tarar da komi ba.

Abin kunya shi ne baƙi sun fi ƴan gida ƙwazo. Joseph Greenberg ya buga littafinsa kan Maguzawan Kano a 1946. Nicole Échard ta zauna da manoman Adar, ta rubuta tarihinsu a 1975, ta rubuta kan borinsu a 1989. Ɗan ƙasa Djibo Hamani ya buɗe hanya da littafinsa kan Adar kafin zuwan Turawa, amma duk waɗannan da Faransanci ko Ingilishi suke. Ɗalibin Tawa da ke son sanin kakanninsa na Bilbis da Fakawa sai ya bi ta harshen wani. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Masu ɗanɗano na ƙetare su ma ba abin koyi ba ne. Su ƙamshi da launi suke nema, su ɗauki hatsin su bar mutanen, su manna hoton ƙwarya a kwalba. Akwai kuma gaskiya a bakin masu tsoro: shaye-shaye ya rusa gidaje, kuma matasa na fama da ƙwayoyi irin su tiramol. Sai dai yaron da ya faɗa wannan rami ba littafin tarihi ya tura shi ba. Ba wanda ke neman a ɗora tukunya a filin lakkol ko a raba ƙwarya a makon al'adu.

Abin da ake nema kaɗan ne, kuma lokacinsa na ƙurewa. Ƙungiyoyin al'adu su je Barmu da Kalfu da Afala da Bambai, su zauna da tsofaffin da suka gani da ido ko suka ji daga iyaye, su naɗi muryarsu: sunayen tukwane, irin dawar da ake zaɓa, ranakun da ake dafawa, da yadda aka daina. A rubuta da Hausar Adar yadda ta fito daga bakinsu, a ajiye kwafi a jami'ar Tawa da cibiyar CELHTO ta Yamai, wadda don irin wannan aiki aka kafa ta. Malamai kuma su koyar da shi yadda suke koyar da zuwan Agabba da yaƙe-yaƙen Adar, ba yabo ba zagi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tukunyar an riga an kife ta, kuma ba mai niyyar tayar da ita. Saura a rubuta sunanta kafin mai sanin sunan ya kwanta dama.