Kama da Wane Ba Ta Wane: Mu Koma Daji Mu Koyi Sunayen Tsirranmu

A daminar bara wani ɗalibi ya tsinko wani ganye mai ƙanshi a bakin fadama, ya kawo mana ɗakin kwana domin mu faɗa masa sunansa. Mu shida ne, dukkanmu masu nazarin Hausa. Wannan ya ce na'ana'a, wancan ya ce ɗaɗɗoya, saura muka yi tsit. Daga baya wata tsohuwa mai sayar da ganye a bakin kasuwa ta murza shi, ta sansana, ta dubi karansa, ta ce, "'Ya'yana, ai wannan bunsurun fadama ne." Kunyar wannan rana ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ra'ayina shi ne, ya kamata sashenmu ya mai da sanin tsirrai wani ɓangare na karatun harshe. Bari in kafa hujja da dangin ɗaɗɗoya, waɗanda masana ke kira Lamiaceae.

Da farko, ƙanshi kaɗai ba ya isa shaida. Kajiji da jema duk suna da ƙanshi, amma ba su haɗa dangi da ɗaɗɗoya ba. Mai son ya gane ɗan wannan gida, sai ya murza karan tsakanin yatsunsa, zai ji yana da kusurwa huɗu. Sa'an nan ya dubi ganyen, zai ga suna fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna, kowane biyu sun gitta na ƙasa da su. Furen yana da leɓe biyu, na sama da na ƙasa, idan kuma ya bushe akan sami 'yan ƙwayoyi huɗu a cikin kwanson. Ƙanshin kuwa daga wani mai yake fitowa, wanda ke cikin ƙananan ƙuraje a jikin ganyen. Da waɗannan alamomi ne za a fahimci cewa rizga da tumuku da muke ci 'yan'uwan ɗaɗɗoya ne.

Na biyu, a cikin sunayen nan akwai adabi da al'ada. Dubi sarakuwar sauro. Bahaushe ya lura sauro yana gudun wannan ciyawa, sai ya tuna yadda mutum ke kauce wa surukarsa saboda kunya, ya raɗa mata suna. Haka nan bunsurun fadama, ƙarfin warinsa ne ya jawo masa sunan. Ashe ke nan duk sunan da ya ɓace, ya tafi da wata hikima.

Na uku, abin ya shafi lafiya. Jama'armu suna dafa waɗannan ganyaye suna sha. Suna ɗaya kan hau tsiro biyu, tsiro ɗaya kuma kan amsa suna daban a Sakkwato da Kano da Damagaram. Wanda ya riƙe suna bai san tsiron ba, yana iya shayar da ɗansa abin da bai yi nufi ba.

Wani zai ce wannan aikin 'yan kimiyya ne. To, amma J. M. Dalziel likita ne, ya kuwa wallafa littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa tun 1916, Bargery kuma ya zuba irin waɗannan sunaye a ƙamusunsa na 1934. Idan baƙi sun yi wannan ɗawainiya, mene ne uzurinmu? Masanin tsirrai ya san tsiron, amma karin sauti da tsawon wasali da bambancin karin harshe aikinmu ne.

Saboda haka ina roƙon malamanmu da su sa kowane ɗalibi, a hutun damina, ya zauna da tsofaffin garinsu, da makiyaya da masu magani, ya tattaro sunaye ko da ashirin ne. Ya busar da kowane tsiro a cikin takarda, ya rubuta inda ya same shi da amfaninsa, sa'an nan a kai wa Sashen Nazarin Tsirrai su tabbatar. Tsofaffin nan ba za su jira mu har abada ba. Allah ya sa mu farga kafin su tafi.