SAI AN GWADA AKAN SAN NA ƘWARAI

Jama'a, yau na zo da magana a kan wata ɗabi'a da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk wanda ya bi ta filin wasanni bayan la'asar ba zai rasa ganin samari cikin fararen tufafi ba, sun yi sahu kamar masu jiran liman, suna naushin iska suna kururuwa. Wai kareti ake koyo. Ni ma na yi zango biyu a cikin irin wannan sahu, na biya kuɗin riga da na ɗamara, amma ko sau ɗaya ba a taɓa haɗa ni da wani mun kara ba. Da na tambayi mai koya mana dalili, sai ya kada baki ya ce wai dabarunsa masu kisa ne, ba a gwada su a jikin mutum.

To, ga abin da ya biyo baya. Wani abokina da ya fi ni daɗewa a wajen, har ɗamararsa ta sake launi sau uku, ya je gida hutu. Cikin raha ya nemi wani yaron mahauta, ɗan dambe, su taɓa. Kafin ya gama gyara tsayuwarsa irin ta littafi, sai ga shi zaune a ƙasa yana lalube. Abokina ba rago ba ne, ya ma fi yaron ƙarfi. Abin da ya kayar da shi shi ne bai taɓa ganin hannu ya nufo fuskarsa da gaske ba, saboda haka ya runtse ido.

Abin da nake cewa ke nan: duk wani wasan kare kai da ba a yin karawar gwaji a cikinsa, watau a haɗa almajirai biyu kowa ya nemi ɗan'uwansa bisa ƙa'ida, to rawa ce kawai. Rawa kuwa ba laifi ba ce, amma a kira ta da sunanta.

Kada mai karatu ya ce son zuciyata ne. Mu leƙa Japan, inda aka rene waɗannan wasanni. A 1882 wani malami mai suna Jigoro Kano (ba ɗan birnin Dabo ba ne, sunan ne ya zo ɗaya) ya buɗe makarantar Kodokan a Tokyo, inda judo ya samo asali. Hikimarsa ita ce ya ware dabarun da ke da haɗari ƙwarai, ya bar waɗanda almajirai za su iya gwadawa a kan juna da iyakar ƙarfinsu kullum. Wannan shi suke kira randori. Kareti kuwa daga tsibirin Okinawa ya fito, Gichin Funakoshi ya nuna shi a Tokyo a 1922. Shi dattijon ya fi ba da ƙarfi ga kata, watau jerin motsi da mutum ke hardacewa ya yi shi kaɗai. Amma na bayansa, galibi ɗaliban jami'a irinmu, suka raya kumite, karawar mutum biyu, har aka yi gasar ƙasa a 1957. Ashe ko masu abin ba su tsaya ga naushin iska ba.

Wanda bai gamsu ba ya tuna abin da ya faru a birnin Cengdu na ƙasar Sin a 2017. Wani malamin taici mai suna Wei Lei, wanda ake ta kambama ƙwarewarsa, ya kara da Xu Xiaodong, mutumin da ya saba ba da naushi da karɓarsa. Ba a cika rabin minti ba malamin ya kai ƙasa. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

Mu ma nan gida kakanninmu sun san haka. Ina aka taɓa jin ɗan damben da ya yi suna da naushin inuwa? Yaro yakan fara ne da tsararrakinsa a sharar fage, kafin manya su shigo. A nan yake koyon tazarar da ke tsakaninsa da abokin karo, da yadda ake kare fuska da hannun da ba a naɗe da zare ba, da yadda numfashi ke ƙarewa tun ba a gama turmin farko ba. Da Shago bai sha karo ba, da Ɗan'anace bai sami abin waƙa ba.

Na san masu wancan ra'ayi suna da hujjoji, kuma ba zan yi musu rowar amsa ba. Na farko sukan ce karawa tana jawo rauni. Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Tun 1928 wani likita a Amurka, Harrison Martland, ya bayyana yadda yawan dukan kai ke lalata ƙwaƙwalwar 'yan damben zamani. Amma don wuta tana ƙuna ba a daina girki ba. Magani shi ne a sa safar hannu da abin kare haƙora, a haɗa tsara da tsara, a sassauta hannu musamman wajen kai, malami kuma ya tsaya a kansu. Malamin da ke sakin ƙato a kan sabon shiga don a ga jini, shi ma ban raga masa ba, mugu ne.

Na biyu sukan ce faɗan titi ba shi da ƙa'ida, don haka karawa mai ƙa'ida ba ta da amfani. Ikon Allah! Wanda ya kasa taɓa mutum alhali akwai alƙali da doka, yaya zai taɓa shi ranar da babu su? Hasali ma wanda ya saba karawa shi ya fi sanin iyakarsa. In ɓarawon waya ya zare masa wuƙa, ba zai tsaya gwada abin da ya gani a fim ba, zai miƙa ya tsira da ransa. Wanda aka cika wa kai da iska shi ne zai tsaya, kuma uwarsa ce za ta yi kuka.

Na uku sukan ce raina kata nake yi. Ko kusa. Kata kamar nahawu ne a wajenmu ɗaliban Hausa: dole a san shi, amma wanda ya hardace dukan ƙa'idojin aikatau bai taɓa buɗe baki a gaban jama'a ba, ba a kiransa mai iya magana.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, maza da mata, kafin ku miƙa kuɗinku ku tambayi malami ko ana karawa, kuma ku zauna ku ga yadda ake yinta. In ya ce dabarunsa sun fi ƙarfin gwaji, ku yi masa sallama cikin ladabi ku kama gabanku. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya kare mu daga ranar da za mu bukaci abin. Wassalam.