Daga Masana'anta Zuwa Digirin Digirgir

Injiniyan da ya tashi a Roni ko Gwiwa, ya shafe shekara goma a masana'antun Sharaɗa ko Bompai a Kano, idan ya nemi digiri na uku a Jami'ar Bayero, zai tarar tallafin karatu na TETFund na malaman manyan makarantun gwamnati ne kaɗai. Ko dai ya saki albashi, ga iyali, ko ya raba hankalinsa biyu.

Wannan asara ce. Shi ya san inda inji ke cijewa, kuma daga nan ingantacciyar tambayar bincike take fitowa. A ganina, a ware wa irinsa gurabe, bisa sharaɗin ya dawo ya koyar a Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure. Ɗalibai ne za su ci moriya.