Kalma ɗaya a fayil ɗin mara lafiya na iya rage masa magani

A wani nazari da aka wallafa a shekarar 2018, masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka sun tsara bayanin asibiti na wani matashi mai cutar sikila ɗan shekara 28, wanda ba na gaske ba ne, suka rubuta shi iri biyu. Ciwon ɗaya ne. A rubutu na farko an faɗi abin da ya faru kawai. A na biyu an sa kalmomin da ke nuna shakkar maganarsa, kamar dai ƙwaya ce ta kawo shi. Aka raba wa ɗaliban likitanci da ƙananan likitoci sama da 400. Waɗanda suka karanta na biyun sun fi yi masa mummunan kallo, kuma maganin ciwon da aka zaɓa masa bai kai na ɗaya ɓangaren ƙarfi ba.

Wannan bincike ya fi shafar Najeriya, ƙasar da ta fi kowacce yawan masu sikila a duniya. Likitan da ke aikin dare kan fara karanta fayil kafin ya dubi fuskar mara lafiya. Idan wani ya taɓa rubuta cewa yaron nan allura yake nema, shi ke nan, tambarin ya manne masa, ko da ranar ƙasusuwansa ne ke ci kamar wuta.

Gaskiya ne akwai masu sikilar da suka kamu da jarabar allurar pentazocine, kuma dole likita ya rubuta hakan idan ya tabbatar. Amma tabbatarwa daban, zato daban. Wanda ya shekara ashirin da ciwo dole ya san sunan maganin da ke masa aiki. Sanin ba laifi ba ne.

Haka batun "ya ƙi shan magani". Sau da yawa ba ƙi ya yi ba, kuɗin ne babu, ko kuɗin mota ya hana shi dawowa ranar da aka ba shi. Idan aka rubuta dalilin, likita na gaba zai nemi magani mai sauƙin kuɗi. Idan aka rubuta taurin kai, faɗa kawai zai yi masa.

Manyan likitoci a asibitocin koyarwa na gyara wa ɗalibansu kuskuren awon magani yayin zagayen ɗakin jinya. Irin waɗannan kalmomi ma su riƙa sa wa ana gyarawa nan take, a tambayi wanda ya rubuta: da ido ka gani, ko zato ka yi?