Zancen Cikin Gida: Wa Za Ka Bar Wa Kare?

Ga Disamba ta ƙarato, na kuwa san da yawa daga cikinmu a nan Gusau sun soma ɗaure kaya, waɗansu za su Zuru, waɗansu Kafanchan ko Jos, domin su yi Kirsimati tare da iyaye. Akan tuna da kaji, akan tuna da makulli. Kare kuwa sai ranar tafiya, mota tana jira a tasha, sa'an nan maigida ya leƙa ta katanga ya ce, "Malam, don Allah a riƙa duba mini shi."

Ni ma na taɓa yin haka. Wata shekara aka yi mana rasuwa a gida, na tashi da nufin kwana uku, sai da na yi tara. Na ɗaure karen a gindin darbejiya, na ajiye masa ƙanzo da daro cike da ruwa. Ashe tun ran farko sarƙa ta kifar da daron. Ya yi ta kuka dare da rana har ya hana unguwa barci. Yaron maƙwabcina ya ji tausayi, ya haura ya kai masa ruwa, karen kuwa bai san shi ba, ya cije shi a hannu. A shekarar nan ban yi masa allura ba. Uban yaron, Musulmi ne mai haƙuri, bai faɗa mini baƙar magana ba, amma shi ya yi ta kai ɗansa asibiti, mu duka kuma muka zuba wa karen ido kwana 10 da fargaba. Allah ya sa lafiyarsa ƙalau.

Saboda haka abu na fari allura. Ciwon haukan kare, in alamunsa suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tsira. Akan soma yi wa ɗan kwikwiyo rigakafi yana da wata 3, a riƙa sabuntawa kowace shekara. A Vom ta Jihar Filato ana yin wannan allura. Ka kai karenka asibitin dabbobi tun kafin tafiya, ka karɓi takardar shaida, ka bar ta a hannun wanda zai lura da shi. Ka kuma gaya masa, in aka yi cizo, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a tafi asibiti ran nan, kada a tsaya shafa magani a gida.

Mai lura kuwa ya zama mutum ɗaya wanda kuka yi magana sosai, ba "unguwa" ba. Ya riƙa zuwa kamar mako guda kafin ka tashi, yana ba karen abinci da hannunsa kana tsaye, har su saba. Kada ka ɗora wa ƙaramin yaro. Kada kuma ka matsa wa maƙwabcin da ba ya son kare kusa da kwanukansa. Zai amsa don kunya, ya yi ta cutuwa a zuci. Gara wani saurayi daga ikilisiya wanda ba ya tafiya, ya kwana a gidan, ka sallame shi da abin kirki.

Ka bar masa gari ko kuɗin abinci fiye da kwanakin da ka ƙidaya, gama hanyar Tsafe zuwa Funtuwa ba kullum take barin mutum ya dawo ranar da ya shirya ba. Tuwo da ɗan romo sun isa, ban da ƙashin kaza da aka dafa, domin yakan tsage ya soke hanji. Ruwa a kasko mai nauyi, a binne gindinsa cikin ƙasa. Da hunturu a shimfiɗa masa buhu a lungun da iska ba ta bugawa.

A rufe ƙofa kuma. Karen da ya fita neman ubangidansa yakan faɗa hannun masu sayen karnuka, waɗanda suke kai su har kasuwar Dawaki a Filato. Ka bar wa saurayin wata tsohuwar rigarka ya sa a makwancin karen, da lambar waya biyu, taka da ta uwargida.